Amsoshin Tambayoyinku: Yabo da Rangwame a Aji

Wata mai sauraro daga Damagaram ta tambaya: yaya malamai ke ƙarfafa kyakkyawar ɗabi'a a aji?

To malama, hanyoyi biyu ne, kamar yadda masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, B.F. Skinner, ya bayyana a littafinsa na 1938 bayan gwaji da ɓeraye. Ta farko ba da abin so ce: yaro ya warware lissafi, malami ya sa a tafa masa. Ta biyu ɗauke abin ƙi ce: wanda bai makara ba mako guda, a yafe masa sharar aji.

Bulala kuwa horo ce, kuma Skinner ya lura horo na danne laifi na ɗan lokaci ne kawai. Don haka malamai su riƙa yabon yaro nan take, suna faɗin abin da ya yi daidai.