Gyaran Tsohuwar Kwamfuta: A Auna Wuta Kafin A Kunna

A shekarar 1982 aka fito da kwamfutar gida mai suna Commodore 64 a Amurka. Har yau akwai masu sha'awar nemo ta su gyara. Babban kuskuren sabon hannu shi ne garajen kunna ta. Akwatin wutarta yana aika volt 5 zuwa ƙananan sassanta, amma in ya tsufa wutar takan zarce haka, ta ƙone sassan da ke riƙe bayanai.

Saboda haka wajibi ne mai gyara ya auna wutar da mita tun bai haɗa akwatin da kwamfuta ba. In ta wuce ƙima, sai a sake akwati. Rigakafi ya fi magani.