Cikin da ba ciki ba: ƙari a mahaifa

A ƙauyukanmu akan ga mace cikinta ya tasa. Wata tara ya wuce, shekara ta zagayo, ba haihuwa. Sai a ce ciki ya kwanta, ko a ce aikin iskoki ne. Sau da yawa babu yaro a ciki. Ƙari ne, wanda likitoci ke ce ma fibrom.

Ƙarin nan tsoka ce da ke tsirowa a jikin mahaifa. Ya fi kama mata daga shekara 30 zuwa 50, kuma ya fi yawa ga baƙar fata. Wani bai wuce ƙwayar gujiya ba, mai shi ba ta ma san da shi ba. Wani kuwa yakan kai goruba, har ya kai kabewa. Ba ciwon daji ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani.

Babban haɗarinsa jini ne. Jinin wata yakan wuce kwana 7, yana zuba da ƙarfi, da gudaji. Mace ta sake ƙyalle, ba da jimawa ba ya jiƙe. Wata bayan wata jininta na raguwa. Tafin hannunta da cikin idonta su yi fari. Daka ya gagare ta, jan guga ya sa ta haki da juwa. A nan ne kishiya ko uwar miji ke cewa ƙyuya ce, alhali matar tana iya faɗuwa a bakin rijiya.

In ƙarin ya girma, yana danne mafitsara, fitsari ya riƙa matsa ta dare da rana. Yana danne hanji, bayan gida ya yi wuya. Mara ta yi nauyi, ƙugu ya yi ciwo. Yakan hana ɗaukar ciki, ko ya jawo ɓari.

Jiƙe-jiƙe da turare ba su narkar da shi. Mace mai waɗannan alamu ta fara zuwa likitar da ke kusa. Daga can za a tura ta Maraɗi, Damagaram, Tawa, ko gidan haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai, a yi mata hoton ciki, a auna jininta. Wata ƙwayoyin ƙarin jini da na rage zuba sun ishe ta. Wata sai an yi mata aiki, a cire ƙarin kaɗai, ko a cire shi da mahaifa. Wadda ke son ƙara haihuwa ta gaya ma likita tun kafin aiki. Bayan jinin wata ya ɗauke da tsufa, ƙarin yakan ƙanƙance da kansa.