Ruwan Lemon Tsami da Lafiyar Haƙora

Shan ruwan ɗumi da lemon tsami kafin karin kumallo ya zama ruwan dare, musamman ga masu son rage teɓa. Ba zan ce ku daina ba, amma haƙoranku na ji a jikinsu.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, sai dai tsami na cinye shi. A ma'aunin pH, yana fara narkewa da zarar an sauka ƙasa da 5.5, ruwan lemon tsami kuwa bai wuce 2 zuwa 3 ba. In ɓawon ya zaizaye ya tafi ke nan, ba ya tofowa. Da farko za ku ji zugi in kun sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi, can gaba bakin haƙoran gaba ya yi siriri, launinsu ya koma rawaya-rawaya.

Abin da ya fi yin ɓarna shi ne daɗewar tsamin a baki. Wanda ya shanye kofinsa a zama ɗaya ya fi tsira kan wanda ya cika gora yana kurɓa tun safe har azahar, domin miyau ne ke wanke tsamin, mai kurɓar kuma bai ba shi sarari ba. Don haka ku tsarma shi da ruwa sosai, ku sha da bututun shan lemo in akwai, sannan ku kurkure baki da ruwa zalla.

Kada ku ɗauki buroshi ko asuwaki nan take. A lokacin ɓawon ya yi laushi, gogewa kankare shi take yi. Ku jira aƙalla minti 30, ko ku goge baki tun kafin ku sha, da man goge baki mai fuloraid. Haka dokar take ga zoɓo da ruwan tsamiya da lemon kwalba, musamman a buɗa-baki, lokacin da baki ya wuni a bushe.

Masu dirza lemon tsami da gawayi don haƙora su yi fari kuwa, wannan kam a bari. Hasken kwana biyu ne, rawayar da ke biyo baya ba ta goguwa. Wanda zugi ya riga ya fara damunsa ya ga likitan haƙori.