A Yi Gwajin Jini Tun Kafin a Kai Kuɗin Gaisuwa

Aikina gwajin jini ne a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke Ƙofar Kaura, kuma abin da ya fi damuna shi ne lokacin da masu shirin aure suke zuwa. Yawanci sai an sa rana, an kai lefe, an raba kati, sannan a tuna da takardar gwaji. Idan sakamako ya fito AS da AS, sai ka ji waliyyi ya rage murya yana cewa, "Malam, a taimaka, magana ta yi nisa." Nufinsa a sauya abin da aka rubuta. Ba na yi, domin jikansa ne zai biya wannan taimakon da jikinsa.

Ga yadda gadon yake. Sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini yana da ƙwayoyin gado biyu a jikin kowa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba; lafiyayyar ƙwayar gado ita ce A, mai jawo sikila kuwa S. Wanda ya gaji A da S lafiyarsa ƙalau, yana ɗauke da S ɗin ne kawai. Wanda ya gaji S ta ɓangarorin biyu shi ne mai sikila, wato amosanin jini. Jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ƙashin nan mai hana barci yake tasowa. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, tasa kuwa 10 zuwa 20, shi ya sa jini ba ya isarsa. To ina dalilin ɗora wa uwa laifi ita kaɗai, har a ce jinin gidansu ne ba kyau? Rabin gadon daga uba ya fito.

Akwai kuskuren da nake ji kullum, har a bakin masu ilimi: wai idan AS ya auri AS, yaro ɗaya cikin huɗu ne zai kamu, saboda haka in na fari ya zo da ita, ukun da ke biye sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa daban, kashi 25 cikin 100, ko da na goma ne. Na san gidan da yara uku a jere suka zo da ita. Wasu kuma sukan miƙo mini takardar rukunin jini, O ko B, suna zaton ita ce. Wannan gwaji daban ne. Wanda aka yi wa ƙarin jini ma ya jira wata uku kafin gwaji, don jinin da aka sa masa zai iya ɓoye gaskiya.

Abin ya yawaita a ƙasarmu ne saboda mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da S, kuma ana ƙiyasin haihuwar jarirai 150,000 masu sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa. Auren zumunci, da muke yi don ƙarfafa dangi, yana ƙara yiwuwar haɗuwar S biyu. A 2024 jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure.

Yaran da aka riga aka haifa kuwa amana ce a hannunmu. A yawaita ba su ruwa, a kare su daga sanyin hunturu, su kwana a gidan sauro, a cika musu rigakafi, zazzaɓi ko kumburin hannu da ƙafa a garzaya asibiti. Suna karatu, suna aure, suna haihuwa.

Iyaye, ku gwada 'ya'yanku tun suna makaranta, kowa ya san nasa kafin zuciya ta kamu. Malamanmu masu ɗaura aure, don Allah ku nemi takardar tun ranar tambaya.