Kashin Maƙera

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, manoman Kura da Bunkure ba su rabuwa da juya ƙasa, rani da damina. To, yara, idan wata rana fartanya ta tono muku wani baƙin dutse mai nauyi, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, kada ku yi saurin jefar da shi. Wataƙila ba dutse ba ne, kashin maƙera ne.

Mutanen da ba su sayen ƙarfe daga Turai, da kansu suke fid da shi daga tama. Sukan gina tanderu na yumɓu, su zuba tama da gawayi, su yi ta zuga wuta. Idan zafi ya kai wajen digiri 1,200, sai ƙasa da yashin da ke cikin tama su narke, su malalo kamar kunu. Ku lura, ƙarfen kansa ba ya narkewa, curewa yake yi wuri guda. Abin da ya malalo ya daskare, shi ne kashin maƙera. Wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai, gama masana sun gano cewa ana yinta a Dutsen Dala shekara 1,300 da suka wuce, ko fiye.

Abin mamaki yana cikin kashin. Yayin da yake hucewa a hankali, sai waɗansu ƙwayoyi masu sheƙi su tsiro a cikinsa, kamar yadda gishiri yake fitowa idan ruwansa ya ƙafe. Wanda ya fi yawa ana ce da shi fayalait. An ba shi sunan Fayal, wani tsibiri na ƙasar Fotugal. Akwai kuma wani baƙi wanda maganaɗisu yake ja.

A ƙasar Girka, a wani wuri mai suna Lauriyon, mutanen Atina sun haƙi azurfa da dalma shekara 2,500 da suka wuce, suka zubar da kashin a bakin teku. Ruwan gishiri ya yi ta ratsa shi, har sababbin ma'adinai suka fito cikin ramukansa. Ɗaya daga cikinsu, lauriyonait, sai a 1887 aka san shi.

Akwai mutane masu sha'awar tara irin waɗannan. Sukan fasa kashin, su duba da gilashi mai ƙara girman abu, gama ƙwayoyin da yawa ba su kai ƙwayar gero ba. Waɗansu masana kuwa suna cewa ba ma'adinai na sosai ba ne, tun da hannun mutum ya shiga ciki. Wannan gardama ba ta rage musu kyau ba ko kaɗan.

In kun ga tulin kashin maƙera a gona, kada ku watsa shi. Ku shaida wa malaminku, shi kuwa ya sanar da ma'aikatan Gidan Makama a birnin Kano.