Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Matashi Zai Fara Koyon Ƙirƙirar Wasannin Kwamfuta?

Wani mai sauraro ya tambayi yadda matashi zai fara koyon ƙirƙirar wasannin kwamfuta. Mafari mafi sauƙi shi ne Scratch, manhajar kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, wadda ake harhaɗa umarni cikinta kamar jera tubali. Idan hannunsa ya faɗa, sai ya koma Python, harshen bai wa kwamfuta umarni mai sauƙin karantawa, ya kwaikwayi ƙaramin wasa irin Pong na 1972, domin a nan zai fahimci zagayen wasa, wato yadda kwamfuta ke karɓar umarnin ɗan wasa, ta sabunta lissafi, ta sake zana hoto sau da dama cikin daƙiƙa guda. Wajibi ne ya kammala ƙaramin wasa kafin ya tunkari babba.