Ranar Hutu: Kowa Da Irin Hutunsa



Wani zai wuni a kwance ranar Lahadi, amma Litinin ya tashi jiki a mace. Sau da yawa dalilin shi ne ya yi hutun da ba nasa ba. Tun zamanin su Ibn Sina likitoci ke duba ɗabi'ar mutum kafin su ba shi shawara.

In kai mai son jama'a ne, zaman ɗaki ƙara maka gajiya zai yi. Fita ka yi zumunci, ka leƙa majalisa.

In kuwa hayaniya ce ke cinye ka, musamman ɗan kasuwar da ya kwana 6 yana ciniki, to shiru ne maganinka. Kashe waya na 'yan awanni, ka zauna a inuwa. Ba girman kai ba ne. Sai dai ka faɗa wa iyali tun da safe, kar su ɗauka fushi kake.

Mai zafin nama, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ya nemi aikin da ba gaggawa: ban ruwan shuka, wanke babur.

Mai yawan tunani kuma, kar ka kwanta kana lissafin bashi. Taka da ƙafa minti 30 bayan asuba.

Maigida, uwargida fa? Ranar hutunka ce aikinta ke ninkuwa. Ɗebe mata yara ko na awa 2 ne, ta samu ta yi ƙailula. Ita ƙailular minti 20 zuwa 30 ta isa, in ta yi tsawo barcin dare ne zai gagara.